Wane gyara ne ya kamata mutum ya yi da hannunsa, wane ne zai bar wa mai sana'a?

Abban Yara (Agege):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na ga ya dace in kawo ta nan domin a cikinmu akwai masu mota, akwai mazauna gidajen haya, akwai kuma waɗanda gyara shi ne hanyar abincinsu. Ranar Talata da yamma ina dawowa daga Idumota, cunkoso ya tsayar da mu cak a kan gadar Third Mainland, sai na kashe injin domin in rage shan mai, kamar yadda da yawanmu muka koma yi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Da hanya ta buɗe na murɗa makulli, mota ta ƙi tashi, ko fitilun gaban direba ba su kawo ba. Duk wanda ya saba bin gadar nan ya san tsawonta ya kusa kilomita 12, kuma babu inda mutum zai raɓe ya nemi taimako cikin natsuwa, ga na baya suna ta danna oda, ga magariba ta kawo jiki.

Wani yaro ne ya zo ya ce in buɗe gaban motar. Ya kama kan batir ya girgiza, sai ga shi yana rawa a hannunsa, duk ya yi wani farin gari mai ratsin kore. Ya kankare shi, ya fito da sifana lamba 10 daga aljihu ya ɗaure, ya ce in tayar, mota kuwa ta tashi nan take. Aikin bai kai minti uku ba, ya ce naira 15,000, na biya ban ja ba domin a halin da nake ciki ko ninkin haka ya ce zan bayar. Ban riƙe yaron a zuciya ba, iliminsa ya sayar mini. Abin da ya dame ni shi ne shekarata 11 ina tuƙi amma ban san in duba kan batir ba, kuma da iyalina suna cikin motar a daren nan da abin ya fi haka ciwo. Tambayata ita ce, a mota da kuma a gida, wane gyara ne ya zama wajibi magidanci ya iya da kansa, kuma a ina ya kamata ya tsaya?

Alhaji Mai Albasa (Mile 12):
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ɗana, ya kuma mayar maka da alheri. Ni dai ra'ayina ya bambanta da inda na ga maganarka ta dosa. Allah ya raba wa bayinsa sana'o'i ne domin wani ya ci ta hannun wani, kuma tun da na zo garin nan a 1984 ban taɓa ɗaukar sifana ba, kamar yadda bakanikena bai taɓa zuwa ya ce zai koya mini yadda ake gane albasar da za ta jure ajiya ba. Ina da maƙwabci da injin tura ruwansa ya fara ƙara, maimakon ya kira mai gyara sai ya kwance shi da kansa, ya mayar ba daidai ba, injin ya ƙone ƙurmus, ya koma sayen sabo. Garin neman gira ya rasa ido. Abin da nake ganin ya fi shi ne mutum ya samu amintaccen bakanike ɗaya da mai gyaran wuta ɗaya, ya riƙe su da mutunci, ya riƙa biyansu haƙƙinsu ba tare da ƙwauro ba, duk lokacin da ya kira za su amsa masa.

Abban Yara (Agege):
Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji, maganarka gaskiya ce kuma ina da irin wannan bakanike. Na kira shi a daren, ya ɗauka, amma yana Agege ni kuma ina tsakiyar ruwa, kuma a Legas tsakanin wanda ka amince da shi da inda ka lalace sau da yawa tafiyar awa uku ce.

Bakaniken Idi-Araba:
Baba Alhaji, na gode da ka tsaya wa masu sana'a, amma a wannan gaɓar ina tare da Abban Yara, ko da yake ni ne ake ganin zan yi asara. Shekarata 19 a gareji, kuma manyan ayyukan da suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda mai mota zai iya hana faruwarsu da duban minti biyar. Mutum ya kawo mini injin da ya buga saboda baƙin mai ya ƙare, alhali da ya zaro gejin da safe kafin ya tayar da mota, a wuri mai daidai, ya goge ya mayar ya sake zarowa, da ya ga man ya sauka ƙasa da alama. Wannan ba aikin bakanike ba ne, aikin mai mota ne, kamar yadda duba ruwan lagireto da iskar taya da man birki aikinsa ne. Adadin iskar da tayarka ke buƙata yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba sai mai faci ya ƙiyasta maka da bugun ƙafa ba. A jikin kowace taya kuma akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, idan ka ga 2319 to an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019, kuma wanda ya san wannan ba za a sayar masa da tsohuwar taya da aka shafa wa baƙin mai tana ƙyalli ba.

Game da batir, tunda shi ya jawo maganar, iskar garin nan tana da danshi da gishirin teku, shi ya sa kawunan batir da ƙarƙashin mota suke saurin cin tsatsa fiye da na Kano ko Sakkwato. Idan za ka cire batir ka fara da baƙar waya mai alamar ɗebewa, idan za ka mayar kuma ita ce ta ƙarshe, domin idan ka fara da jar waya sifanarka ta taɓa jikin mota za ta yi tartsatsi. Canza taya ma wajibi ne kowa ya iya: a ja birkin hannu, a sa dutse a bayan wata tayar, a sassauta notuna tun taya tana ƙasa, sannan a ɗaga da jek. Abin da nake roƙon kowa da girman Allah shi ne kada ya shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita. Mu da kanmu sai mun sa mata abin tokare muke shiga.

Inda zan ce a tsaya kuwa shi ne birki, da sitiyari, da giya, da cikin injin, da jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari. Kuskure a waɗannan ba ya tsayawa a kan aljihunka, yana iya hawa kan ran wanda ke tsallaka titi.

Direban Tanka (Apapa):
Malam bakanike ya ambaci duba ruwan lagireto, ina so in ƙara sharaɗin da na biya da fatar jikina kafin na koya. Ina yaron mota a lokacin, muna hanyar Ibadan injin ya yi zafi, maigidana ya sauka neman ruwa, ni kuma don in nuna na iya sai na sa tsumma na murɗe murfin lagireto. Ruwan ya yi tsalle ya wanke mini hannun dama har gwiwar hannu, na yi wata biyu ban riƙe komai da shi ba, kuma tabon yana nan har yau. Daga baya aka fahimtar da ni cewa ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa yana wuce na tafasasshen ruwa ba tare da ya tafasa ba, da zarar an buɗe murfin sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda. Saboda haka ni ina goyon bayan mutum ya koya, amma a gaban wanda ya sani, ba a bayan idonsa ba.

Abu na biyu, tunda damina ta kama kuma kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya a titunan garin nan a watannin Yuni da Yuli: idan motarka ta mutu a cikin ruwa kada ka sake murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga injin ka tilasta masa juyawa sai ƙarafan ciki su lanƙwashe. A tura ta gefe a kira mai gyara. Sanin abin da ba za ka yi ba shi ma yana cikin iya gyara.

Maman 'Yan Biyu (Obalende):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na ga maganar ta karkata ga mota, ina neman izini in dawo da ita cikin gida, domin akwai ɓangaren da maza ba su cika lura da shi ba. Maigidana yana fatauci tsakanin nan da Arewa, yakan yi mako uku ba ya gari, kuma ba tarbiyyarmu ba ce in buɗe wa baƙon namiji ƙofa ya shigo har banɗaki ko madafa alhali ni kaɗai ce da yara. Kafin in koyi komai, famfon madafa ya taɓa yin kwana 16 yana ɗiga, ina tara bokiti ina zubarwa, a gidan da muke haɗa kuɗin man janareta kafin a tura ruwa sama. Da ƙanena ya zo hutu sai na ce kada ya gyara, ya tsaya ya nuna mini. Ya rufe ruwan daga babban makulli, ya kwance kan famfon, ya fito da wata 'yar roba da ta cinye wadda ba ta kai girman kwabo ba, muka sayo irinta, na sa da hannuna, na naɗa farin zaren nan na hana yoyon ruwa a bakin ƙarfen na ɗaure. Wallahi ranar na ji wani irin sauƙi a zuciyata da ban iya kwatantawa.

Tun daga nan na koyi gyara ƙwallon da ke tsayar da ruwa a tankin banɗaki, da canza ƙwan fitila, da ɗaure hannun ƙofa da sukudireba. Wanda na fi ɗauka da muhimmanci shi ne tukunyar gas. Duk lokacin da aka kawo sabon ɗuri nakan kaɗa ruwan sabulu in shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunya, idan ya yi kumfa yana tashi to akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Idan kuma na ji warin gas ba na taɓa makunnin wuta, ko kunnawa ko kashewa, sai in rufe tukunyar in buɗe ƙofa da tagogi, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Baba Alhaji, da dukkan girmamawa, wannan ilimin ba zan iya jiran mai sana'a ya zo da shi daga wata unguwa ba, kuma na fara koya wa 'yata mai shekara 14.

Alhaji Mai Albasa (Mile 12):
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wannan uzurin naki ban yi tunaninsa ba, kuma na karɓe shi.

Mai Gyaran Wuta (Alaba Rago):
Hajiya ta yi magana mai kyau, kuma na ji daɗi da ta tsaya a kan ƙwan fitila ba ta wuce ba, domin a nan ne nake so in ja layi mai kauri. Famfo idan ka kuskure jiƙa za ka yi, wuta kuwa ba ta ba da dama ta biyu. Wutar da ke shiga gidajenmu, ko ta kamfanin wuta na Ikeja ce ko na Eko, tana kai volt 230, kuma babban haɗarinmu a ƙasar nan shi ne mutum ya ga an ɗauke wuta ya ce bari ya yi sauri ya gyara soket, yana cikin aiki a dawo da ita. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Wanda zai taɓa ko da soket ɗaya ne, ya je ya sauke babban makunni na gidan, ya gaya wa mutanen gida kada kowa ya ɗaga, sannan ya sa testa ya tabbatar, ƙafarsa da takalmin roba kuma ƙasa a bushe.

Abin da na yarda kowa ya koya shi ne haɗa kan fulogi mai baki uku da canza fis ɗinsa, wanda mafi girmansa amfiya 13 ne. A sababbin wayoyi mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce abokiyarta, mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa. A tsofaffin gidaje kuwa za ka tarar da ja da baƙa da kore. Amma kada wanda ya dogara da launi kaɗai, domin na sha buɗe bango in tarar wanda ya yi aikin farko ya yi amfani da duk wayar da ta zo hannunsa. Idan fis ya ƙone a sa irinsa, kada a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli, domin an yi shi ne ya mutu a madadin gidan, idan ka hana shi mutuwa wayar cikin bango ce za ta yi zafi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne masu haɗa janareta da gida ta hanyar waya mai kan fulogi biyu, su soka ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango. Bakin fulogin da ke hannunka yana ɗauke da wuta a fili, sannan idan ba a raba gidan da layin waje ba, wutar janaretarka tana iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin babu wuta. A kira mai aiki ya sa canjoba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layin waje, sau ɗaya ne. Mita kuma ba ta mai gida ba ce balle ɗan haya, taɓa ta laifi ne a doka. Janareta kuwa, komai ruwan sama komai tsoron ɓarayi, ba a kwana da ita a ɗaki ko a lungun da babu iska, domin hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, barci yake sa mutum.

Ɗalibi (Yaba):
Iyayena, ina ganin zamani ya rage wannan tazarar da ake magana a kai. Kusan duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wata mahaɗa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma yawancin tokumbo, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga waje, da ke yawo a Legas, Corolla da Camry da sauransu, daga can suke. Akwai 'yar na'ura mai araha da ake sokawa a wurin ta haɗu da wayar hannu, ta faɗa maka dalilin da ya sa fitilar injin ta kama. Na gwada a motar yayana, kuma na ga bidiyoyi a YouTube da suke nuna kusan kowane gyara daki-daki. Sannan ina da tambaya ga Malam bakanike: me ya sa da mota ta iso ƙasar nan ake cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, a haɗa fanka kai tsaye, alhali duk abin da na karanta yana cewa kuskure ne?

Bakaniken Idi-Araba:
Ƙanena, na'urar nan ina da ita kuma ina amfani da ita kullum, amma ka san iyakarta. Tana faɗa maka inda mota ke kuka ne, ba ta faɗa maka abin da ya sa ta kuka. Wani ya zo mini ya riga ya sayi sabon sensa na salansa har sau biyu a kasuwar kayan mota ta Ladipo domin na'ura ta ambaci sunansa, ashe ɓera ne ya ci wayar da ke zuwa wurin. Mai bidiyo kuma yana aiki ne a kan motar da notinta bai ci tsatsa ba, da kayan aiki cikakku, ba ya nuna maka abin da za ka yi idan noti ya karye a ciki. Amfaninta a wurinka shi ne ka shiga gareji da saninka, a yi maka bayani ka gane, kuma idan an ce an canza abu ka ce a ba ka tsohon.

Maganar tamostat kuwa ka yi gaskiya, kuma ni ma na yi shekaru ina cirewa domin haka na tarar ana yi a inda na koyi aiki, ana cewa na ƙasar sanyi ne. Daga baya na gane an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, kuma tamostat ne ke kai shi can da wuri ya riƙe shi. Idan an cire, kwamfutar mota tana ganin injin bai yi ɗumi ba sai ta riƙa ƙara mai, ga shan mai ga saurin cin injin. Motar da ke zafi tana da dalili, ko lagireto ya toshe saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa maimakon ruwansa mai launi, ko fanka ta gaza, ko murfi ya saki. Yanzu shekara shida ke nan ban cire wa kowa ba, har wasu suna fushi su tafi wani garejin.

Alhaji Mai Albasa (Mile 12):
To, na saurari kowa, kuma na sauko daga rabin maganata, amma ina nan a kan rabi. Ku lura duk waɗanda suka ce sun iya, wani ne ya tsaya a kansu ya nuna musu, 'yata ƙanenta, direba sai da ya ƙone kafin aka fahimtar da shi, bakanike ma sai da ya yi shekaru kafin ya gane kuskuren da ya gada. Sannan mafi yawanmu a nan haya muke, kuma gidan haya amana ne. Kafin ka fasa bango ko ka canza layin ruwa ka nemi izinin mai gida, in ba haka ba ranar tashi za a yi rigimar da ta fi kuɗin gyaran, kuma sunan Bahaushe ne zai ɓaci a unguwa ba naka kaɗai ba. Ni a shekaruna ba zan fara ba, amma gobe zan sa direbana ya nuna wa yarana biyu yadda ake canza taya a ƙofar gida, ina zaune ina kallo.

Abban Yara (Agege):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na sayi sifana lamba 10 da 12, da filaya, da sukudireba mai baki biyu, da tocila, da wayar jona batir, na zuba su a jaka na ajiye a bayan mota. Da na ɗaga shimfiɗar but sai na tarar tayar safaya ba ta da iska ko kaɗan, kuma lambar jikinta ta nuna ta girmi ɗana na fari, don haka ita ce abin da zan fara saya idan albashi ya shigo. Yau da asuba kuma na zaro gejin baƙin mai da hannuna karo na farko, yana tsakiyar alamomin biyu. Sai dai kwana biyu ke nan ina jin wani ƙara kamar ana goga ƙarfe idan na taka birki, kuma bisa abin da aka faɗa a nan ba zan taɓa shi ba. Malam bakanike, idan babu damuwa zan kawo maka ita ranar Asabar, amma da sharaɗin za ka bar ni in tsaya a gefenka in ga yadda ake yi.

Bakaniken Idi-Araba:
Babu damuwa ko kaɗan, Abban Yara, sai dai kada ka jira Asabar. Ƙarar goga ƙarfe tana nuna takalman birki sun cinye har sun fara cin faranti, kuma kowace tafiya tana ƙara maka kuɗi da haɗari. Ka kawo ta gobe kafin ƙarfe 8 na safe, ka taho a hankali ka bar tazara tsakaninka da na gaba, kuma kada ka sayi komai a hanya sai mun kwance tayar mun gani tare. Ka zo da tsohuwar riga.